Wata Bakwai Ba Ta Taka Titi Ba

Ƙarar keken ɗinki ce ta hana Auta jin sallamar farko. Sai da aka buga ƙyauren falon da ƙarfi sannan ta ɗaga ƙafa daga kan keken, ta miƙe tana gyara ɗankwali. Tana buɗewa gabanta ya faɗi. Inna ce, uwar mijinta, tsaye da jaka a hammata, fuskar nan babu alamar wasa.

"Inna! Sannu da zuwa. Ai ban san kina tafe ba."

"Ina za ki sani? Tunda ke kin fi ƙarfin zuwa, ni da na haifa miki mijin ai dole in ɗauko ƙafa."

Auta ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta kawo ruwa da lemo a faranti. Inna ko kallon farantin ba ta yi ba. Falon ta bi da ido: yadudduka a ninke kan kujera, guntayen zare a ƙasa, labule a sauke duk da rana tsaka ce.

"'Yar nan, zauna ki ba ni amsa. Me na yi miki?"

"Wallahi ba komai, Inna."

"Ba komai? Wata bakwai! Na kwanta zazzaɓi sati biyu, har maƙwabta sun zo dubiya, ke sai gaisuwa ta waya. Ƙanwar mijinki ta haihu, kika aiko da rigunan jariri a leda, kamar riga muka ce muna nema. Kullum sai mijin naki Dogo ya ce min kanki ke ciwo. Wane irin kai ne wannan, da ke ciwo ranar zuwa gidana, amma ba ya ciwo a kan keke?"

Auta ta sunkuyar da kai. Da ta san sunan abin da ke damunta da ta faɗa. Ita kanta ba ta sani ba.

Inna ta gaji da jiran amsa, ta miƙe. "Shi ke nan. Tashi ki taka min zuwa bakin titi in sami abin hawa."

Auta ta yafa mayafi. Daga ƙofar falo zuwa get taku goma sha biyu ne, ta sha ƙirga su. Inna ta buɗe ƙaramar ƙofar get ɗin ta fita. Hasken titi ya daki idon Auta, wata mota ta danna hon, nan take ƙirjinta ya fara dukan uku-uku. Maƙogwaronta ya shaƙe, tafin hannunta ya jiƙe, ƙasa ta fara yi mata kamar tana lilo. Ta riƙe ƙarfen get ɗin gam.

"To mu je mana!"

"Inna... na bar abu a kan wuta."

"Babu abin da kika ɗora, na leƙa kicin ɗinki!" Inna ta riƙe haɓa. "Au! Rakiyar ma na yi kaɗan a yi min? To madalla. Na gode!"

Ta juya ta tafi. Auta ta turo ƙofar, ta zame ta zauna a ƙasa tana haki. Kafin minti goma abin ya lafa, kamar ba a taɓa yi ba. Wannan ne ya fi ruɗa ta: ciwo ne da ba ya barin shaida.

Abin ya faro ne wata huɗu bayan aurensu. Ta shiga bas za ta kasuwa sayen zare da zif, go-sulo ya tsayar da su, fasinjoji a cunkushe, tagogi sun ƙi buɗuwa. Haka kawai ta ji zuciyarta za ta faso ƙirji, yatsunta suka mutu, ta tabbata ajali ne ya zo. Ta yi ta ihu a sauke ta, kwandasta ya buɗe ƙofa, mutane suka taru suna yi mata fifita. A asibiti aka auna zuciya, aka ɗibi jini, aka yi hoton ƙirji, aka ce lafiyarta ƙalau. Bayan sati biyu abin ya sake kama ta a shagon yadi. Sai ta daina shiga bas. Daga nan ta daina zuwa kasuwa. Sannu a hankali har shagon kan kwana ya gagare ta, duniyarta ta dawo falo, kicin da ɗaki.

Mijinta Dogo, mai gyaran firiji da iyakwandishan, shi kaɗai ya sani. Ta haɗa shi da Allah kada ya faɗa wa kowa, kada a ce ya auri mai taɓin hankali. Shi kuma saboda son da yake yi mata ya ɗauke mata komai: cefane, zare, kai wa masu ɗinki kayansu, har zubar da shara.

Da yamma ya dawo, jakar kayan aiki a kafaɗa, ya tarar da ita idanu jajur.

"Inna ta kira ni," ya ce yana zama a hannun kujera. "Auta, ban taɓa jin muryarta haka ba. Ki bari in faɗa mata gaskiya."

"Wace gaskiyar, Injiniya? Ka ce mata me? Matarka na tsoron titi? Yaro ɗan shekara uku ma yana fita titi!"

"To ni ya zan yi? Ƙaryar ciwon kai ta ƙare min. Jiya har cewa na yi haƙori ne."

"Don Allah ka ƙara min lokaci. Zai wuce."

"Haka kika ce wata uku da suka wuce." Ya shafa kansa da hannu biyu. "Ni fa in firiji ya lalace ina buɗe bayansa in ga abin da ya ƙone. Wannan ban san inda zan buɗe ba. An ce lafiyarki ƙalau, ni kuma ina ganin ba ƙalau ba."

Akwai abin da Dogo bai sani ba. Duk lokacin da Mama, mahaifiyar Auta, ta kira tana tambayar me ya hana ta zuwa gida, sai ta rasa ta cewa. Wata rana bakinta ya suɓuce ta ce, "Injiniya ne ba ya son ina fita." Tana faɗa ta yi nadama, amma da ta ga maganar ta rufe bakin Mama, sai ta ci gaba da maimaita ta.

Kwana huɗu bayan zuwan Inna, Baban Auta ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu, aka kwantar da shi a asibiti. Auta ta wuni tana kuka, ta sa mayafi ta cire ya fi sau biyar, ba ta iya wuce get ba. Dogo ya tafi dubiya shi kaɗai da ledar lemo da ayaba. Ya dawo a ruɗe.

"Na gaida Baba ya juya fuska bango. Mama ta amsa min da ƙyar, kamar na ci musu amana. Me na yi wa mutanen gidanku?"

"Ƙila zafin ciwo ne," in ji Auta, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Ranar Asabar da safe suna shan shayi aka doka get kamar za a ɓalla. Yaya ne, babban wan Auta, ya shigo ko sallamar kirki babu. Ya nuna Dogo da ɗan yatsa.

"Kai! Aure muka ba ka ko fursuna? Ubanta na kwance a gadon asibiti yana kiran sunanta, ka kulle ta a gida kamar akuya?"

Dogo ya ajiye kofi. "Ni? Yaya, ni na kulle ta?"

"Za ka yi musu ne? Ita da bakinta ta faɗa wa Mama, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba!"

Dogo ya juya ya kalli matarsa. Ya daɗe yana kallonta. Bai ƙaryata ta ba, bai kuma ce uffan ba, sai ya sunkuyar da kai. Wannan shirun ya fi mari zafi a wurin Auta.

"Ɗauko mayafinki mu tafi!" Yaya ya kama hannunta. "In ga wanda ya isa ya hana!"

"Yaya, tsaya... don Allah ka tsaya..."

Bai saurare ta ba. Ya ja ta har waje, ya buɗe ƙofar motarsa. Ƙafarta na taka titi abin ya sauko mata gaba ɗaya. Ta dafe ƙirji, numfashi ya sarƙe, gwiwoyinta suka saki, ta durƙushe a gefen taya tana kakkarwa.

"Zan mutu! Wayyo Allah, zan mutu! Ku mai da ni ciki!"

"Innalillahi! Auta! Ke Auta!" Yaya ya rikice, ya rasa ruwa zai nemo ko mota zai tayar. "Kai, me ka yi mata? Me ka ba ta?"

Dogo ya ɗauke ta cak ya shigar da ita falo. Yaya na tsaye yana kallo, cikin 'yan mintuna numfashinta ya daidaita, ta tashi zaune tana share gumi. Ya kalle ta, ya kalli Dogo, ya kasa haɗa lissafin.

"Wai me ke faruwa a gidan nan ne?"

Nan ta fashe da kuka, ta zayyana masa komai, tun daga bas ɗin har zuwa ƙaryar da ta yi wa mijinta. "Bai taɓa hana ni fita ba, Yaya. Roƙona ma yake in fita. Kunya ce ta sa na laƙaba masa."

Yaya ya zauna daɓas a kujera. Can ya ce a hankali, "Dogo, ka yafe ni." Dogo ya gyaɗa kai kawai, ya ɗauki jakarsa ya fita aiki. Kwana biyu daga gaisuwa ba ya ƙara mata komai.

Gaskiyar da ta fito ba ta kawo sauƙi ba, sai ma ta ƙara dagula al'amura. Mama ta ce iska ce, ta aiko da turaruka a ƙulle. Wata gwaggo ta rantse hannu aka sa wa yarinyar. Wani kawu ya ce ƙarancin jini ne, a ba ta hanta. Baba kuwa, da aka sallame shi ya koma gida, ya ƙi karɓar wayarta. Ya ce a faɗa mata, "Ta sa na wulaƙanta mutumin da bai yi min komai ba. Ba ni da magana da ita sai ranar da ta tako da ƙafarta ta ba shi haƙuri a gabana."

Yaya ne ya yi dabara. Ya ba likitan da ya yi wa Baba aiki labari, shi kuma ya haɗa su da wata likita mai kula da masu irin wannan damuwa. Tunda Auta ba ta iya zuwa, sai aka fara da kiran bidiyo, wayar a jingine da kwalbar man keke.

Likita, wata dattijuwa mai tabarau, ta saurare ta har ƙarshe, ta duba takardun gwajin da aka tura mata, sannan ta ce, "Ƙanwata, ba hauka ba ne, kuma zuciyarki lafiya take. A jikin kowa akwai abin da ke tashinsa tsaye in ya ga haɗari, zuciya ta buga da sauri don ya gudu. Naki yana tashi ne ba tare da haɗarin ba. Yana da ban tsoro, amma ba ya kisa, kuma da kansa yake sauka."

"To me ya sa in na koma ciki yake tafiya?"

"Da kin tsaya a wajen ma zai tafi. Ba ki taɓa tsayawa kin gani ba ne. Duk ranar da kika gudu, sai jikinki ya ɗauka gudun ne ya cece ki, gobe tsoron ya ƙara girma."

"Wane magani za ki rubuta mata?" in ji Dogo.

"In da buƙata za mu zo kan wannan. Babban maganin shi ne ta je inda take tsoro, kaɗan-kaɗan, ta tsaya har abin ya sauka. Kai kuma, Malam, ka daina yi mata komai da komai."

Dogo ya zaro ido. "Ni da nake taimakonta?"

"Na san don ƙauna kake yi. Amma muddin zare na zuwa har gida, me zai fitar da ita?"

Bayan an kashe wayar suka zauna suna kallon juna. Auta ta ce, "Ban gane ba. Abin da ke neman kashe ni shi ne kuma maganina?"

"Ni ma ban gane ba," in ji shi. "Wata bakwai ina ganin ni miji nagari ne, ashe wai da hannuna a ciki."

Suka rubuta matakai a bayan wata tsohuwar kalanda kamar yadda Likita ta ce, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: bakin get, shagon kan kwana, ƙarshen layi, bas tasha ɗaya, kasuwa. Ranar farko ta tsaya a bakin get, Dogo a gefenta da agogo.

"Tsoron ya kai nawa cikin goma?"

"Tara! Injiniya, tara! Mu koma!"

"Saura kaɗan. Ki saki numfashin a hankali. Faɗa min kalar motar can."

"Ina ruwana da mota! Shuɗiya ce!"

Minti goma sha biyu suka yi. Taran ta koma shida, shidan ta koma uku. Auta ta tsaya baki buɗe. Ga ta a waje, ba ta gudu ba, kuma abin ya tafi da kansa. Ta yi dariya, sai kuma ta kama kuka, ita kanta ba ta san wanne ne na gaskiya ba.

Ba kullum ake samun haka ba. Ranar da farin zarenta ya ƙare tana tsakiyar ɗinki, ta ce ya sayo mata a shagon kan kwana, ya ce a'a, sai dai ya raka ta.

"Saboda ƙaryar da na yi maka kake ramawa! Ka daina sona, ka faɗa min kawai!"

"Wallahi da zan bi son raina da kwali guda zan sayo miki." Ya kau da kai. "Sori, Auta. Ba zan je ba."

Ta shige ɗaki ta banko ƙofa. Sai bayan la'asar ta fito da mayafi, fuska a kumbure, suka tafi ba mai yi wa wani magana. Ta sayo zaren da hannunta, ta dawo tana jan ƙafa kamar wadda ta yi dako.

Ana cikin haka labari ya kai wa Inna cewa likitar da ke duba surukarta ta masu ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ta kira Dogo gida, ta rufe ƙofa.

"Ashe abin da kuke ɓoye min ke nan? To ka saurare ni. Ba zan zuba ido ka ƙare rayuwarka kana gadin mace a ɗaki ba. Ka sawwaƙe mata tun ba a fara haihuwa ba."

"Inna, tana samun sauƙi. Jiya har ƙarshen layi ta je."

"Ƙarshen layi! Sai a buga mata ganga! Na ba ka zuwa ƙarshen wata. In ba haka ba, ka nemi wata uwar."

Bai faɗa wa Auta ba, amma ta gani a fuskarsa, ta matsa masa har ya faɗa. Tsoron rabuwa ya sa ta yi gaggawa. Washegari ta ce sai sun shiga bas, alhali ba ta gama sabawa da tashar ba. Bas na tashi ta fara ihu a tsaya, ta dira tun bai gama tsayawa ba, ta ruga gida takalmi ɗaya a ƙafa. Kwana uku ko labule ba ta ɗaga ba.

"Ka bi maganar Inna," ta ce masa a rana ta uku. "Ni ba zan warke ba. Na koma inda na faro."

Dogo ya zauna a bakin gado. "Ban san yadda zan yi da Inna ba, ban san yadda zan yi da ke ba, ban ma san ko likitar nan ta san abin da take yi ba. Abu ɗaya na sani, ba zan rubuta takardar nan ba."

Da suka kira Likita ba ta nuna mamaki ba. "Ba ki koma farko ba, tsalle kika yi ya fi ƙafarki. Kusan kowa sai ya yi irin wannan faɗuwar. Gobe ki koma tashar, kada ki shiga komai, ki zauna kan benci ki yi ta kallon motoci har ki gaji."

Haka aka yi. Kwana huɗu tana zaman benci, har mai sayar da katin waya a wurin ya fara tambayar ko wani take jira. Daga nan tasha ɗaya ita da Dogo. Sai tasha biyu. Sai ita a gaba, shi a can kujerar baya kamar bai san ta ba.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, bayan Dogo ya fita aiki, ta tura masa saƙo: "Na tafi gidan Inna. Kada ka biyo ni." Ta kashe wayar don kada muryarsa ta karya mata zuciya. Tasha shida ce. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, jakarta a ƙanƙame a ƙirji.

Inna na tsakar gida tana shanya ta ji sallama. Ta juyo, zanin da ke hannunta ya faɗi cikin bokiti.

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai, Inna."

Inna ta leƙa bayanta ta tabbatar, sannan ta ɗaure fuska ta shige ɗaki. Auta ta bi ta, ta durƙusa ta fara ba da haƙuri. Ba ta kai ƙarshen maganar ba ta ji abin na tasowa. Ɗakin baƙo ne, gida ya yi nisa, babu Dogo. Ƙafafunta suka ce ta tashi ta gudu. Maimakon haka sai ta miƙa wa Inna hannu.

"Inna, ga shi nan ya zo. Taɓa ki ji. Wannan ne ya hana ni raka ki."

Inna ta kama hannun. Sanyi ƙalau, jiƙe da gumi, jijiyar na harbawa kamar za ta tsinke. Ta ga leɓen yarinyar na rawa, idanunta sun firfito.

"Subhanallahi! Bari in kira a kai ki asibiti!"

"A'a... ki bar shi... zai sauka. Ki dai zauna da ni."

Inna ta zauna a ƙasa, hannun na cikin nata. Tana ji bugun na raguwa a ƙarƙashin yatsunta, kaɗan-kaɗan, har ya koma daidai. Da Auta ta ɗago, sai ta ga hawaye a fuskar tsohuwar.

"Ina da ƙanwa," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa. "Ita ke bi na. Haka nata ya fara, daidai irin wannan. Muka ce iska ce, muka yi ta hayaƙi, muka hana ta fita don kada a gani. Mijinta ya gaji ya sake ta. Shekara goma sha tara ta yi a ɗaki ɗaya, a nan ta rasu. Ni nake kai mata abinci." Ta share ido da bakin zani. "Da na ji labarinki, ita na gani. Na ce ɗana ba zai ɗauki abin da muka ɗauka ba. Ban san ana fita daga cikinsa ba, 'yar nan. Wallahi ban sani ba. Da mun sani..."

Auta ce ta koma rarrashinta.

Suna nan sai ga Dogo ya faɗo gidan a guje, sukundireba a aljihun gaba, ko wanke hannu bai yi ba. Ya tsaya turus a bakin ƙofa, ya ga uwarsa da matarsa zaune a ƙasa suna kuka riƙe da hannun juna.

"Me ya faru? Wa ya rasu?"

"Kai tafi can!" in ji Inna tana jan hanci. "Ta faɗa min ta ce kada ka biyo ta, ka biyo ta. Maganar da na yi maka kuma na janye. In na ƙara jin ka ɗaga wa yarinyar nan murya, ni da kai ne!"

"Ni kuma? Inna, yaushe na..." Ya kalli wannan, ya kalli waccan, ya daki cinya. "Oke. Na haƙura da ganewa."

Ranar Lahadi suka je gidan su Auta. Baba na zaune a falo, sandar ƙarfe jingine da kujerarsa, Mama da Yaya a gefe. Auta ta durƙusa a gaban mijinta, a gaban kowa, ta ce, "Na ɓata maka suna don in rufa wa kaina asiri, kai kuma ka rufa min ko da aka zage ka. Ka yafe min."

"Na yafe tun ranar," in ji Dogo. "Haushi ne dai ya ɗan daɗe."

Baba ya yi gyaran murya, ya miƙo masa hannu. "Ni ma ka yafe min, ɗana. Na juya maka baya a kan abin da ban bincika ba." Sannan ya dubi 'yarsa, idonsa ya kawo ruwa. "Ke kuma matso nan in gan ki. Kin rame."

Abin bai rabu da Auta a rana ɗaya ba. Kasuwa sai da ta ɗauke ta wata biyu, kuma har bayan ta haifi 'yarta ta fari yakan taso mata jefi-jefi, a layin asibiti ko cikin cunkoso. In ya zo takan tsaya inda take, ta saki numfashi, ta jira shi ya wuce, ta ci gaba da abin da ya kawo ta. Daga baya ta kama ɗan shago a bakin babban titi ta mai da kekenta can, kuma mata fiye da ɗaya sun zo da sunan kawo ɗinki, suka ɓuge da raɗa mata cewa su ma suna da irin wannan ciwon, ba su taɓa faɗa wa kowa ba.

Abin da takan faɗa musu shi ne darasin wannan labari. Ciwon da aka ɓoye saboda kunya ba ya tsayawa kan mai shi, sai ya shafi duk wanda ke ƙaunarsa, har ya sa a zargi marar laifi. Tsoro kuwa, in ana guje masa ƙaruwa yake, in aka nemi masana aka tunkare shi taku bayan taku, da haƙuri da addu'a, yana sakin mutum. Iyaye kuma su riƙa tambaya kafin su yanke hukunci, domin sau da yawa wanda ake gani kamar mai girman kai ne, shi ne ya fi kowa buƙatar a kama hannunsa.